Buhun Farko

Jikata ce ta tayar mini da wannan ƙaiƙayi, ita da salularta. Ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun Ingilishi, ta same ni inda kowa ke samuna yanzu da hantsi: a kan kujerar roba a ƙofar gida, rediyo a cinya, ina murɗa shi daga tasha zuwa tasha ko wani zai ce an buɗe gadar kan iyaka. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Angona, har yanzu kana nan kana gadin rediyo?" Na ce, "Ke da kika tafi birni kika bar ni, mi kike so in yi?" Ta yi dariya. Ta ce wai a karatunta ta ci karo da wata kalma guda ta Ingilishi, ma'anarta hukuma ta ɗage hanin da ta sa wa fatauci. Kalmar sa hanin kowa ya san ta, in ji ta, amma ta ɗagewar sai a cikin babban ƙamus, malaminsu ma sai da ya duba. Ta faɗa mini ita har sau uku, harshena ya ƙi ɗauka, na ce ta bar ni haka. Ban yi mamakin ƙarancin kalmar ba. A tsawon raina na ga an rufe hanyar nan da shela da ganga, buɗewar kuwa ban taɓa ganin ta zo a kan lokaci ba.

Ta shiga zaure za ta wuce cikin gida, sai na ji ta tsaya. "Wanga buhun albasa na wane ne? Ya fara wari fa." Na ce ba ruwanta. Buhun na Dogo ne, aminina da ke ƙetaren gulbi, a Malanbil. Tun bazara na ware shi, ina jiran ranar da mota za ta sake bin gada in kai masa da kaina. Dogo kuwa ba shi da lafiya tun kafin ruwan farko. Muna magana a salula, ina jin muryarsa tana sirancewa, in na tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ni ma in ce Allah ya ƙara sauƙi, mu koma zancen gada. Tun da yarinyar nan ta ambaci warin buhun na kasa zama wuri ɗaya. Na tashi na leƙa zaure, na dawo, na kashe rediyo, na sake kunna shi. Warin nan na san shi. Na shaƙe shi damina guda cur ina saurayi, kuma ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan abin da ya biyo bayansa ba.

A lokacin garin nan namu, Gaya, bai kai haka ba. Babu wannan layin kamiyo, manyan motocin kaya, da ya yi ta tsayawa har bayan gari yana toshe mana iska, babu kabu-kabu masu shiga tsakanin ƙafafun mutum. Abin da kake ji da safe shi ne kukan jigo a fadama, wannan ƙara ta itace a kan itace idan guga ya nutsa ya taso, da kofaton jakuna a kan gada, da matan Dandi suna kiran kifi. Mu manoman albasa ne tun kakanni. Da sanyin safiya nake sauka lambu tare da Baba, shi yana kan jigo, ni ina bin ruwa da fartanya ina buɗe fangali ina rufe fangali, ƙafafuna cikin taɓo har sun tsattsage. Ina da shekara ashirin ko kusa, ina da ƙarfi, ba ni da haƙuri ko kaɗan, kuma wannan na biyun har yau bai canza ba. Yaran yanzu inji suke tayarwa, ruwa ya zo da kansa ta cikin tiyo, su zauna a gindin mangwaro suna latsa salula. Ba na cewa sun yi laifi. Bayana ya san abin da jigo ya yi masa. Amma mu mun san kowane kan albasa kamar yadda mai garke ya san tumakinsa, don da hannu muka shayar da shi.

Baba yana da fatoma a Malanbil. Fatoma shi ne mai masaukinka a kasuwar da ba ta garinku ba: gidansa kake sauka, shi ke nemo maka mai saye, shi ke tsaya maka idan rigima ta tashi. Na Baba wani Badande ne, gajere, mai faɗin ƙirji, uban Dogo. Tun suna samari suka haɗu, har abin ya wuce fatauci ya zama zumunci. Abin dariya, Hausar Fatoma ta kasuwa ce, ta ciniki da gaisuwa, Dandancin Baba kuwa bai wuce fofo ta gaisuwa da sunayen kifi ba. Sai su zauna a tabarma ɗaya tun azahar har la'asar, goro a tsakaninsu, ba su yi magana goma ba. Wani lokaci ɗaya ya ce "To," ɗayan ya ce "To fa," shi ke nan an yi hira. Inna takan ce ita ba ta taɓa ganin abota irin ta kurame ba sai wannan. Ni da Dogo kuwa bakinmu ba ya rufuwa, muna bakin ruwa muna gardama a kan ƴan kokawa da ƴan mata.

Akwai al'ada tsakaninsu wadda ba a taɓa karyawa ba. Duk shekara idan an cire albasa, kafin a kai ko kai ɗaya kasuwa, Baba zai zauna ya zaɓi manya, masu jan ɓawo, masu busasshen wuya, ya cika buhu guda. Wannan buhun farko na Fatoma ne. Ba a auna shi, ba a yi masa kuɗi, ba a aika shi ta hannun wani. Baba da kansa zai ɗora shi a jaki, ya sa babbar rigarsa, ya bi gada da rana tsaka kowa na gani, ya sauke shi a ƙofar gidan amininsa. Shi kuma Fatoma ya riga ya tanadi garwar manja daga kudu, cike har baki, an toshe ta da tsumma, wadda za ta biyo jakin a dawowa. Baba yakan ce mini, "Bayan kaka mutum ba ya shiga gidan fatomanshi hannu rabbana. In ka yi haka ka ce mishi shekararka ta lalace, ko kuma ka manta da shi." Na ɗauki maganar kamar yadda na ɗauki sallah, ban taɓa tambayar dalili ba.

Shekarar da nake faɗi albasa ta yi kyau irin wanda ba a saba gani ba. Muna cikin cirewa sai mai shela ya zaga da ganga: manya na can sama sun saɓa, an hana kaya ƙetarewa, daga nan zuwa can, daga can zuwa nan. Mutum da sandarsa zai iya wucewa idan ya tsaya ya yi bayani wurin ƴan duwan, wato ƴan kwastan, amma kaya ko ƙullin gishiri ba ya wucewa. Aka gicciya ƙarfe a bakin gada. Mu ba mu san abin da ya haɗa manyan ba, ba wanda ya tambaye mu. Baba ya saurari shelar yana tsaye da kan albasa a hannu, ya ce, "Kwana nawa ne? Za su shirya." Ya zauna ya zaɓi buhun Fatoma kamar kullum, ya ɗinke bakinsa, ya jingina shi a zaure. Sauran muka zuba a rudu, wato rumbun kara mai ɗagaggen ƙasa da ake ajiye albasa don iska ta ratsa ta.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Kasuwar Gaya ta cika da albasa har jakuna sun daina waiwayarta. Sai zafi ya sauka, bayansa hadari ya fara haɗuwa. Duk manomi ya san albasa ba ta ga maciji da laima. Aikina ya koma ɗaya: kullum da safe in shiga rudu in juya ta da hannu, in latsa wuyan kowane kai, wanda ya yi laushi in fitar kafin ya shafa wa na kusa da shi. Ruɓaɓɓiyar albasa tana da wari mai zaƙi-zaƙi da ke shiga tufa ya ƙi fita, har ƴan matan unguwa suka sa mini suna. Buhun Fatoma ma sai da aka kwance shi. Baba ba ya bari in taɓa wannan. Shi yake zazzage shi a tabarma, ya fitar da waɗanda suka lalace, ya cike gurbinsu da mafi kyau daga rudu, ya sake ɗinkewa. Daga nan ya sa hula ya tafi bakin gada, ya tsaya yana kallon ƙarfen, ya dawo. Bayan azahar ya sake komawa. Mutumin da a da sai ka yi da gaske ka raba shi da lambu, ya zama ba ya iya zama ko'ina.

Jita-jita kuwa kamar sauro. Yau a ce komanda ya karɓi takarda, Juma'a za a buɗe. Juma'a ta zo a ce sai bayan Sallah. Wani direba ya rantse da idonsa ya ga ƴan duwan suna shafa wa ƙarfen mai. Duk wanda ya zo da irin wannan labari Baba zai ba shi goro, ya shigo gida da sauri ya ce in duba kofaton jaki. Inna ta gaji. Ita ta riga ta yanka abin da za ta iya ta shanya, ta daka ganye ta yi gabu, don kada mu tashi a tutar babu. Wata rana ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, masunta suna wucewa da kaya ta ƙasan tsibiri, kowa ya sani. Ka ba su buhun ga su kai mishi mana."

"In aika wa mutumina kyauta a ɓoye ƙarƙashin taru, kamar kayan sata?"

"To tahi kai kaɗai ka gaishe shi. Ai ba a hana ƙafa ba."

"In shiga gidanshi ina kaɗa hannu? Ya tambaye ni mi na zo yi?"

"Ka ce ka zo ganinshi. Zunubi ne?"

Baba ya juya. Ya ɗauki hularsa ya nufi gada. Ni a lokacin gefen Baba nake, ina ganin Inna ba ta gane sha'anin maza ba.

Ruwa ya yi nisa, gero ya kai gwiwa, sai wata mai kifi ta tsaya a ƙofarmu ta ce ta ji an ce Fatoma ba ya fitowa kasuwa kwana biyu. Baba ya miƙe. Ya shiga zaure ya dubi buhun, ya fito, ya sake shiga. Can ya kira ni. "Kai yaro ne, ba wanda zai duba hannunka. Tahi ka gano mini jikinshi. Ka ce mishi buhunshi na nan, ana buɗewa ina tahe."

Na ƙetare a ƙafa. Ban taɓa jin gada shiru haka ba, har ina jin ruwa yana dukan ginshiƙanta. Dogo ya tarbe ni a ƙofar gida, bai yi mini zolayar da ya saba ba, ya kai ni ɗakin ubansa. Na same shi kwance. Ƙirjin nan mai faɗi ya zube, ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Ya yi ƙoƙarin tashi zaune don ya karɓi gaisuwata, ya kasa, ya koma. Na isar da saƙon Baba. Ya yi murmushi, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Albasa ya yi kyau bana?" Na ce ta yi kyau ƙwarai. Ya ce madalla. Da zan tashi ya kama wuyan hannuna, hannunsa da zafi.

"Ɗana, in ka koma, mi za ka ce?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Ka ce da sauƙi. Kar ka tada mishi hankali. In ka ce wani abu zai taho da gudu ba kaya, ya ji kunya a gaban mutane. Ka bari a buɗe, ya zo yadda ya saba."

Na ce to. Babba ya ba ni umarni, kuma ba wani baƙon abu ya nema ba. Mu duka haka muke yi. Ka je duba mutum yana numfashi da ƙyar, ka fito a tambaye ka, ka ce da sauƙi, don ba a yi wa mai rai mugun baki. Tun daga tsakiyar gada na hango Baba tsaye a bayan ƙarfe yana jirana. Bai bari na ƙaraso ba ya ce, "Yaya jikin nashi?" Na ce, "Da sauƙi. Yana gaishe ka. Ya ce ka bari a buɗe." Ya dube ni ɗan lokaci. Na sunkuyar da kai ina kakkaɓe ƙafar wando. Ya ce, "Alhamdu lillahi," muka kama hanyar gida.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon kwanakin da na taɓa yi. Yanzu mu biyu ne marasa zama. Ina juya albasa ina ganin idanun nan masu rawaya. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, a lambu, a hanyar masallaci, sai in tuna hannun da ya riƙe ni, in haɗiye. Nakan ce wa kaina ai Juma'ar nan za a buɗe, mene ne kwana huɗu. Rudu ya yi ta raguwa. Abin da muka fitar muka zubar bayan gida ya fi abin da ya rage, ƙudaje suka samu wurin zama. Har aka kai inda babu sauran manya da za a cike buhun Fatoma da su, Baba ya fara ɗinke bakinsa ƙasa-ƙasa, kowane sati buhun yana gajarcewa.

Ranar da aka ɗage hanin ba a yi shela ba. Wannan ya tsaya mini a rai har yau. Da za a rufe, ganga aka buga a kowace unguwa. Da za a buɗe, wani ne kawai ya zo ya janye ƙarfen ya jingina shi a gefe. Muna lambu da hantsi muka ji ƙahon kamiyo daga wajen gulbi, dogo, ba ya yankewa, sai wani ya amsa masa daga ƙetare. Baba ya saki jigo, guga ya faɗa da ƙarfi. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Kafin in ɗaura wa jaki akumari ya riga ya sa babbar riga, ya zazzage buhun ya sake zaɓe a gurguje. Abin da ya rage bai fi rabi da kaɗan ba, amma kowane kai lafiyayye ne.

Gada ta cika har ba wurin sa ƙafa. Jakuna, kekuna, mata da kwanduna a ka, masu kuka da masu guɗa, mutane suna rungumar juna a tsakiya suna toshe hanya. Baba yana gaba yana ture jama'a da kafaɗa, yana ta magana, shi da ba ya magana. Yana cewa zai ce wa Fatoma ga abin da manya suka bar musu, su raba. Yana dariya. Ni ina bayansa riƙe da igiyar jaki.

Tun daga bakin lungu muka ga tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jere, ana raba gumba. Baba ya tsaya cak. Jakin bai san komai ba, ya ci gaba da tafiya don ya san gidan, ya je ya tsaya daidai inda ya saba a sauke masa kaya. Dogo ya taso daga cikin mutane. Ya ce yau kwana uku. Sun so aiko mana, tsohon ya hana tun yana da baki, bayan rasuwar kuma wanda aka aika ya tsaya a hanya. Baba ya tsuguna a bakin tabarma, aka yi addu'a, ya shafa. Ba wanda ya san yadda za a yi da buhun. Yana nan a kan jaki, a gaban masu zaman makoki, har sai da wani dattijo ya yi wa Dogo ido ya sauke shi ya shigar.

Can aka ce uwar Dogo tana son ganin Baba. Muka shiga har ƙofar ɗakinta. Ba ta jin Hausa, Dogo ne ya yi tafinta. Ta sa aka jawo wani abu daga ƙarƙashin gadon mamacin: garwar manja, cike, an toshe bakinta da tsumma, ƙura ta rufe ta. Ta ce tun kafin a rufe hanya ya saye ta. Ta ce lokacin da yake da sauran ƙafa ta yi ta ce masa ya ƙetara ya ga amininsa, ya ce ba zai je Gaya hannu rabbana ba alhali ga man mutumin a ajiye, a bari a buɗe. Duk ranar kasuwa sai ya sa an jawo garwar ya duba ko tana yoyo. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin ya bar shi nan. Bai yi kuka ba. Ni ne na yi, na fita bayan gida na yi mai isata, don baƙin ciki da kuma tsoron abin da zai tambaye ni.

Sai a kan gada, muna dawowa da la'asar, garwa tana ƙwanƙwasa a gefen jaki, ya yi magana. Bai juyo ba.

"Ranar da na aike ka, zaune ka same shi ko kwance?"

"Kwance, Baba."

"Ya iya tashi?"

"Bai iya ba."

Muka yi taku kamar goma. Na ce, "Shi ya ce in ce da sauƙi." Ina jiran mari, ko abin da ya fi mari.

"Na sani," in ji shi. "Ni ma da ni ne, haka zan ce maka. Tun da ka sunkuyar da kai na gane. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi maka, ita ce wagga da na yi yanzu. Na ƙi yi, don in ka amsa dole in tahi, kuma buhun ba zai bi ni ba."

Bai sake tada maganar ba har ya bar duniya. Manjan nan Inna ba ta taɓa zuba shi a miya ba. Baba ya ajiye garwar a zaure, inda buhun ya yi damina, har man ya daskare ya yi ɗaci. Shekarar da ta biyo ya zaɓi buhun farko kamar kullum, amma ni ya miƙa wa igiyar jaki, ya ce in kai wa Dogo. Daga nan abin ya zama namu. Jaki ya koma amalanke, amalanke ta koma mota, garwa ta koma jarka. Mun aurar da ƴaƴa tare, mun binne mata, haƙoranmu sun zube kusan lokaci ɗaya. Mun sha ba wa juna labarin iyayenmu muna girgiza kai, muna cewa mutanen da akwai taurin kai.

Ga shi kuma an sake rufewa, wannan karon ya daɗe har na daina ƙirga watanni. Mutane suna ƙetarewa a jirgin ruwa, kowa ya sani, har da kaya. Ƴaƴana sun ce in ba su buhun su aika. Na ce a'a, ba a aika shi, kuma ba ya bin ƙasan gada kamar abin kunya. Suka ce to in je ni kaɗai. Na ce gwiwoyina ba sa son jirgi, na ce ruwa ya yi yawa bana, na ce ai rediyo ya ce ana tattaunawa. Buhun bara haka ya ruɓe a zaure, na zubar, na zaɓi na bana. Duk wannan na yi shi da hankalina, ni da na riƙe igiyar jakin nan. Ban ga kamar da ke tsakanina da Baba ba sai da yarinyar nan ta tsaya a zaure ta toshe hanci.

Na ƙwala mata kira. Ta fito da ludayi a hannu. Na ce ta nemo mini lambar gidan Dogo, ba tasa ba, ta surukarsa mai jinyarsa. Ta latsa ta miƙo mini. Muka gaisa da matar, na tambayi jiki, ta ce, "Da sauƙi, Baba." Na ce madalla. Na ji bakina yana shirin yin sallama, kamar kullum. Na riƙe salular da hannu biyu.

"Ɗiyata, tsaya. Zaune yake ko kwance?"

Ina jin kaji suna kuka a tsakar gidansu.

"Baba, ya ce kada a gaya maka."

"Ban ce ki gaya mini komi ba. Zaune ko kwance?"

"Kwance. Tun Juma'a waccan."

Na miƙa wa jikata salularta, na ɗora mata rediyon a kai. Na ce ta riƙe shi, in sun buɗe ta ji da kunnenta, ta koya musu kalmar tata. Na shiga na sa babbar riga, na ɗauki sanda. Ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Angona, buhun fa? In kira mai amalanke?" Na wuce ta gabansa a zaure ban tsaya ba. Ta rufe gida ta biyo ni da gudu, ta kama mini hannu a gangaren da ke sauka bakin ruwa, don gwiwoyin da gaske suke, ba duka ƙarya ba ce.

Mashigin ya cika da hayaniya, buhuna da jarkoki da babura ana ɗora su a jirage, gada tana can sama ba kowa a kanta. Wani matuƙi, yaro ƙarami da bai kai ni lokacin da aka aike ni ba, ya riƙe mini gefen jirgi har na zauna. Ya dubi bayana, ya dubi hannuwana.

"Baba, ina kayanka?"

Na ce, "Babu kaya. Ni kaɗai ne. Tura mu tahi."